Yadda Muntaka Ya Ci Hantsin Gandu

Duk wanda ya saba bin hanyar Kunci zuwa Ɗambatta ya san adaidaita sahun Muntaka, ko da bai san sunan mai shi ba. Shi ne koren nan mai aiki da caji, wanda ba ya ƙara, sai ya zo gab da mutum sannan a ankara, har tsofaffi kan yi tsalle gefe suna salati. Mai tuƙa shi dogo ne siriri, ɗan shekara talatin da takwas. A da shi ne sarkin surutun tasha. In ya ɗauko ka daga Kunci, kafin ku isa ka san farashin taki, ka san wanda ya yi aure, da wanda ya kamata ya yi ya ƙi. Yanzu kuwa sai ka yi masa sallama sau biyu kafin ya amsa. Abokan aikinsa suna tsokanarsa wai keken ne ya koya masa shiru, shi kuma ba ya musa musu, don gaskiyar maganar ta fi haka ciwo.

A Gidan Ɗinya aka haife shi, ƙauye mai gida arba'in da 'yan kai, inda gona ke manne da gona, ba ka da inda za ka ɗaure akuya ba ka shiga iyakar wani ba. Mahaifinsa Malam Abdussalam manomi ne, da yamma kuma yana biya wa yaran unguwa karatu a zaure. Da ya rasu an fitar wa mata da rabonsu, amma 'ya'yansa maza biyu, Abdulmumini da ƙanensa Muntaka, ba su raba nasu ba. Suka ci gaba da zaman gandu yadda suka tashi suka tarar: gona ɗaya, rumbu ɗaya, matansu suna girki bi da bi. Ƙa'idar gandun tsohuwa ce, kowa ya san ta. Daga safe har azahar ƙarfin mutum na gandu ne. Bayan azahar, da kuma ranar Juma'a, sai ya tafi gayaunarsa, wato 'yar gonar da aka yanka masa tasa ta kansa, ko ya kama sana'ar da ya ga dama. Da rani, in aiki ya yi sauƙi, Yaya Abdulmumini kan sake shi ya wuni a kan titi, shi kuma ya ɗauki nauyin cefanen gida.

Gandunsu shi ne na ƙarshe da ya rage a garin. Sauran duk sun fashe, wasu tun kafin a yi sadakar arba'in. Mahaifiyarsu Inna Hure ba ta da abin alfaharin da ya wuce wannan, ko gidan suna ta je sai ta san yadda ta sako shi cikin hira. Muntaka kansa, duk da rawar kansa, abu ɗaya yake tsoro a rayuwa: in har gidan nan zai rabu, kada ya zama ta dalilinsa. Yana ƙaunar yayansa ƙauna mai haɗe da kwarjini, irin wadda mutum yake yi wa wanda ya goye shi, ya kuma taɓa zane shi.

Matsalar Muntaka ita ce bai iya ganin abu mai taya ya wuce shi ba. Yana ɗan shekara goma ya saci keken Malam ya faɗa kududdufi da shi. Ya yi acaɓa shekara shida, ya tara ya sayi tsohon adaidaita mai shan mai, yana ci da shi lafiya, har man fetur ya yi tashin da kowa ya sani. Daga nan sai ya koma yaron gidan mai. Zai wuni yana kai da kawowa, da yamma ya duba aljihu ya ga tanki ya fi shi samu.

Tsadar man nan ce ta sa Yaya Abdulmumini, mutumin da ko takalmi zai saya sai ya kwana uku yana shawara, ya yarda aka sa sola a lambunsu na fadama. Da kuɗin albasar gandu aka sayi faranti shida, aka girke su a kan ƙarafa, aka zura famfo a rijiyar burtsatse. Rana na ɗagowa ruwa zai fara bulbulowa ta tiyo, ba hayaƙi, ba ɗaukar jarka. Fangali ɗari biyu da arba'in na albasa suna sha, mutum ɗaya da fartanya ya isa ya juya musu ruwa. Ranar da aka fara gwadawa Muntaka ya tsaya ya saki baki. Yaya ruwa yake kallo, shi kuwa farantan yake kallo, yana raya wa a ransa cewa ranar da ta iya ɗago ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ba za ta gaza tura keke ba.

Bai yi wata biyu ba ya tafi Kano wajen masu sayar da adaidaita mai caji. Dillalin ya zagaya da shi, ya buga masa kujera, ya ce, "Malam, wannan ba ruwansa da gidan mai. In a waje ka yi caji za ka biya, amma a gida kusan kyauta ne. Ka jona a bango ka kwanta, da safe ya cika." Dillalin gidajen birni yake nufi, masu soket a bango. A Gidan Ɗinya an kafa turakun wuta shekara goma da ta wuce, har yau ba a ja waya ba, tsuntsaye ne kawai ke morar su. Amma Muntaka ya ji "gida", ya ji "kyauta", sauran maganar ta bi iska. Ya sayar da tsohon kekensa, da raguna biyu, da gyaɗar gayaunarsa buhu huɗu. Matarsa Luba ta ƙara masa da awakinta uku. Da haka ya kawo na hannu, kore shar, yara suka bi shi a guje tun daga bakin gari.

Kafin a haɗa masa na gida, sai da ya yi mako biyu yana caji a Ɗambatta, wajen wani Sabo da ke da shago bayan kasuwar hatsi. Sabo da cajin waya ya fara, da ya ga babura da kekuna masu caji sun fara shigowa sai ya ja waya mai kauri ya faɗaɗa sana'a. In akwai wutar gwamnati naira dubu uku yake cika keke, in janareta ya tayar dubu biyar. Wutar gwamnati kuwa baƙuwa ce a layin, ta fi zuwa lokacin da ba a bukatarta. Kuɗin ma ba su ne suka fi cin ran Muntaka ba. Zaman ne. Awa uku a kan benci, yana kallon abokansa masu shan mai suna kwashe fasinja a gabansa.

"Ka sayi saniya ba ka tanadi harawa ba, Malam Muntaka," in ji Sabo yana dariya.

"Kwana nawa ne? Ni da nake da rana a gida. Ka ci na 'yan kwanakin nan, daga su ba za ka ƙara ganin sisina ba."

Ya sami Yaya a lambu bayan la'asar ya kawo masa bukatarsa, yana ta kewaye-kewaye. Yaya ya saurara har ƙarshe yana kankare laka daga fartanya. Bai ƙi ba. Mutum ne mai son adalci, kuma adalcin da ya sani shi ne wanda ya gada.

"Farantan nan na gandu ne," ya ce, "kai ma kana da haƙƙi a ciki. To, yadda Malam ya raba mana aiki haka za mu raba. Daga safe zuwa azahar na albasa ne. In an kira azahar, rana ta zama gayaunarka, ka yi yadda ka so da ita. Juma'a ma taka ce."

Muntaka ya yi godiya har da durƙusawa. Aka kira mai gyaran sola ya haɗa wani akwati a jikin ƙarfe, da ɗan hannu guda: in an ɗaga shi sama famfo ya tashi, in an danna shi ƙasa keke ya sha. Duka biyun ba sa yiwuwa lokaci ɗaya. Mai gyaran ya ce wani abu game da ranar yamma yana haɗa kayansa, ba wanda ya bi ta kai. Su dai a saninsu, mutumin da ya yi noma da safe yana iya yin noma da yamma, hannun ɗaya ne, fartanyar ɗaya ce. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa rana ba haka take ba. Ƙarfinta duka yana tsakanin hantsi da azahar, abin da ya biyo baya saura ne.

Cikin kwana uku Muntaka ya gane irin gayaunar da aka yanka masa. Zai jona da azahar ya zauna gindin mangwaro har rana ta yi sanyi, ya duba ya ga batir ya tsaya a rabi. Kuma lokacin da yake zaune ɗin shi ne lokacin da 'yan kasuwa ke neman abin hawa su koma gida. Da safe rabin nan zai kai shi Ɗambatta ya yi 'yar zirga-zirga, amma ba zai dawo da shi ba sai ya biya ta wajen Sabo. Wato ya bar aikin yamma don ya sami na kyauta, ga shi kuma bai tsira daga na kuɗi ba. Juma'a kaɗai batir ke cika, Juma'a kuma ba a zuba ta a buhu a ajiye wa sauran kwanaki.

Wata rana taurin kai ya hana shi tsayawa wajen Sabo. Ya ɗauko wata Hajiya da buhun masara biyu, suna tsakiyar hanya keke ya yi ɗif, ba gargaɗi, ba tari. Mai shan mai in ya mutu ana aika wani da galan. Wannan kuwa ba abin da za a ɗebo masa. Haka ya tura shi tafiyar kusan awa biyu, Hajiya na biye tana faɗa masa abin da ta ga dama, masu babura na wucewa suna yi masa sannu irin wadda ta fi zagi zafi.

Washegari ya roƙi Yaya ya ara masa awa ɗaya tak daga hantsi. Yaya ya girgiza kai. "Albasa ta fara yin kai, Muntaka. Yanzu ne take son ruwa fiye da kullum, ga zafi ya shigo. Saura kwana arba'in a cire. Ka yi haƙuri, in an cire ka sha rana tun daga fitowarta har faɗuwarta." Magana ce ta gaskiya, Muntaka ya san haka. Amma kwana arba'in a kan bencin Sabo sun yi masa tsawon shekara.

Ana cikin haka aka ba Inna Hure ranar aikin ido a Kano. Ta daɗe da yana a idonta, har ta kai ba ta gane jikokinta sai da murya. Yaya ne ya dace ya kai ta, ya zauna da ita har a sallame su. Da zai shiga mota ya riƙe hannun ƙanensa ya ce, "Ga lambu nan. Kowane fangali kwana uku-uku, kada ka bari ya wuce. Ka fara daga can ƙarshe, nan ne ƙasar ta fi saurin bushewa." Muntaka ya ce kada ya ji komai. Da zuciya ɗaya ya faɗa, har wani daɗi ya ji an bar masa amana.

Kwana biyu ya yi yana ban ruwa yadda aka ce. Rana ta uku ta faɗo ranar kasuwar Ɗambatta. Yana tsaye da fartanya, rana ta ɗago ta yi ƙarfi, ruwa na fita da gudu, keke na ajiye a gefe kamar maraya. Ya ce bari ya gwada awa ɗaya kawai ya gani, albasa ai ba za ta mutu don awa ɗaya ba. Ya danna hannun ƙasa. Tiyo ya yi tari ya yi shiru. Da awa ta cika ya duba, ya ga abin da bai taɓa gani ba a ranar da ba Juma'a ba: batir na hawa kamar ana hura shi. Ya ce bari ya ƙara kaɗan. Kafin azahar ya cika taf.

Ranar ya yi sawu huɗu, ya je ya dawo bai ba kowa ko kwabo ba. Da ya zo wucewa ta shagon Sabo har da danna oda. Ya shigo gida da kifi da sukari da burodi, yara suka yi ta murna. Wannan daɗin shi ya kashe shi. Da ranar ta zo masa da asara, da ya tuba tun a nan.

Daga ranar tsarin ya juye. Famfo ya koma samun ranar sassafe kawai, wadda da ƙyar take ɗago ruwa, da yamma kuma ba kowa a lambun da zai juya shi. Ɗan ruwan da ke fitowa bai wuce ya shayar da fangali arba'in ba. Sai ya zama dole ya zaɓi waɗanda za su sha. A nan Muntaka ya yi abin da har gobe in ya tuna yake runtse ido. Bai kai ruwan can ƙarshe ba, inda aka ce masa ya fara. Ya zuba shi a fangalin bakin hanya, inda masu wucewa ke gani, inda Yaya zai fara sa ƙafa in ya dawo. Kullum yana ce wa kansa gobe zai rama wa na ciki, goben kuma in ta zo sai ta zo da fasinja.

Luba ce ta fara ganewa, ba tare da ta taka lambun ba. Ta kawo masa tuwo ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Baban Muhsina, kwana huɗu ke nan ina wanke wandonka ban ga taɓo a jikinsa ba. Mai ban ruwa kuma ba ya dawowa da ƙafa fes."

"To, yanzu kuma wandona kike bincike?"

"Ba bincike ba ne. Awakina suna cikin keken nan, na fi kowa son ya ci. Amma ba da albasar gida ba. Wallahi gabana faɗuwa yake."

Ya daka mata tsawa ya ture kwanon, abin da bai saba ba. Amma maganar ta zauna masa. Da safe, rana ta bakwai da tafiyar su Inna, ya daure ya taka har ƙarshen lambun. Tun daga tsakiya ya fara ganin ɓarnar. Ganye ya kwanta, bakinsa ya bushe ya yi fari, ƙasa ta tsattsage har yatsa na shiga. Ya tsaya yana ta salati. Ya ruga ya ɗaga hannun sama, ya bar famfo kwana biyu cur, ya cika fangalin nan har ruwa na kwanciya. Tsoro ne ya sa shi, ba rashin sani ba, don shi ma manomi ne, ya san albasar da ta sha ƙishi tana tsakiyar yin kai, in aka dankara mata ruwa lokaci ɗaya, tsagewa take yi ta ruɓe.

A rana ta tara suka dawo. Inna Hure ta sauko da baƙin tabarau, tana kiran jikokinta ɗaya bayan ɗaya tana shafa fuskarsu, tana cewa ashe haka wance ta girma. Gida ya cika da 'yan barka. Yaya kuwa ko ruwa bai gama sha ba ya ɗauki hularsa ya nufi fadama, Muntaka na binsa a baya kamar wanda za a kai wa alƙali. A bakin hanya albasa ta yi kore shar, Yaya ya gyaɗa kai ya ce madalla. Ya ci gaba da tafiya. Inda koren ya ƙare, a miƙe yake kamar an ja zare. Nan ya tsaya. Ya tsuguna ya tuge guda, ga ta 'yar mitsitsiya kamar goro, gindinta a tsage. Ya tuge wata, ya matsa ta, ruwa mai wari ya fito. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya juya, ba Muntaka ya kalla ba, koren bakin hanyar ya kalla, ya daɗe yana kallo.

"Mu je," ya ce, "lokacin salla ya yi."

Wata guda bai ƙara ta da maganar ba. Da zagi ya yi, ko mari, da Muntaka ya fi samun sauƙi. Suna cin tuwo a kwano ɗaya, suna sahu ɗaya a masallaci, amma in Muntaka ya buɗe baki zai fara, sai Yaya ya miƙe ya ce yana da uzuri. Aka cire albasa. Bara buhu hamsin da biyu suka samu, bana sha tara, rabinta ma ba ta ajiyuwa, dole aka kai ta kasuwa lokacin da ta fi arha. Kuɗin takin damina da ake sa rai daga gare ta suka bi ruwa.

Sai da aka gama kwashewa sannan Yaya ya kira shi zaure bayan sallar asuba. Muntaka bai jira an tambaye shi ba. Ya faɗi komai, yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce zai sayar da keken a yau ya zuba kuɗin a gandu, zai bar titi gaba ɗaya.

Yaya ya bar shi ya gama. "Riƙe kekenka," ya ce a hankali. "Albasa ba yau ta fara lalacewa ba. Tsutsa ta taɓa cinye mana, ambaliya ta taɓa kwashewa, mun kwana mun tashi. Da ka kashe famfon ka bar lambun duka ya bushe, da na ce ƙuruciya ce da son zuciya, in yi maka faɗa ya wuce. Amma ka tsaya ka yi tunani, Muntaka. Ka san ta inda zan shigo, ka zuba ruwan a nan saboda idona. Wata guda ina neman yadda zan manta da wannan, na kasa. Mutumin da zan riƙa zagayawa bayansa ina duba aikinsa, ba zan iya haɗa rumbu da shi ba."

Da maganar ta isa wajen Inna Hure, ta kira su duka biyu. Ba ta kama sunan ɗan farinta, don haka Muntaka ta kalla. "Ka ba yayanka haƙuri," ta ce. Ya ce ya bayar. Ta juya ga babban. "Kai kuma, shekara huɗu ina cikin duhu gidan nan yana tsaye. Ka ɗauke ni ka kai ni an buɗe mini ido don in ga wannan?" Yaya ya sunkuyar da kai hawaye na zuba a gemunsa. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, amma zama ɗaya ya ƙare. Ta san ɗanta, in ya kwana yana shawara ya yanke, ba ya komawa. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Liman da dattawa biyu suka zo da igiya aka auna gonaki. Aka fito da damman gero da dawa daga rumbu aka kasa biyu. Aka raba fartanyoyi, da buhuna, da tukwane. Da aka zo kan sola, aka kira mai gyaran ya kwance, uku nan uku can. Mutumin ya riƙe baki. Ya ce faranti uku ba za su tayar da famfon nan ba, ba kuma za su yi wa keke wani abin kirki ba, shida ɗin ne ƙarfinsu. Ya ba da shawara a bar su a haɗe, a riƙa amfani da su bi da bi.

"Bi da bin muka yi," in ji Yaya. Mai gyara ya ɗauko sifana.

Na Yaya uku suna jingine a ɗakinsa, an lulluɓe su da tabarma. Na Muntaka suna kan rufin ɗakin Luba, suna kunna ƙwan fitila ɗaya da cajin wayoyin maƙwabta. An ja danga ta tsakiyar gidan, aka huda wa Inna ƙofa ta kowane ɓangare. Da rani ya zagayo, Yaya ya rage lambun zuwa kashi ɗaya cikin uku, ya koma hayar injin mai shan fetur.

Muntaka kuwa kullum yana wajen Sabo, dubu uku ran sa'a, dubu biyar sauran ranaku, da awa uku a kan benci. Keken yana ciyar da shi, ba laifi, ya ma fi mai shan mai sauƙi in aka bi lissafi. Sabo ya taɓa tsokanarsa sau ɗaya, da ya ga fuskarsa bai sake ba. Zaman bencin ne ya fi komai wahala yanzu, don ba abin da mutum zai yi a cikinsa sai tunani, tunanin kuma hanya ɗaya ya sani.

Kwanakin baya yana fitowa daga gari da safe ya hango Yaya a bakin titi da jarkoki biyu, yana jiran abin hawa zuwa gidan mai. Ya tsaya ya gaishe shi, ya sauko da kansa ya ɗora jarkokin. Yaya ya shiga ba musu. A hanya suka taɓa maganar zafi, da jikin Inna, da farashin taki, har Muntaka ya fara tunanin ko yau ce ranar da za su shirya. Ya ƙi ɗaukar kowa, masu tsayar da shi suna ɗaga hannu yana wucewa.

A gidan mai Yaya ya sauka ya sauke jarkokinsa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗari biyar ya miƙo. Tun da aka haifi Muntaka kuɗi bai taɓa shiga tsakaninsu ba.

"Haba Yaya! Ni ne fa."

"Na sani. Karɓi. Ai kai ma biya kake yi a wajen caji."

Ba da gatse ya faɗa ba, da tausayi ma ya faɗa, kamar yadda ake yi wa kowane mai neman halaliyarsa. Da Muntaka ya ƙi miƙa hannu, sai ya ajiye kuɗin a kan kujera, ya ce a gaida gida, ya ɗauki jarkokinsa ya shiga layi. Muntaka ya ja keken ya matsa gaba kaɗan inda ba za a gan shi ba, ya kifa kai a kan sitiyari. Wata mata da kaya a ka ta tsaya tana tambayarsa ko Ɗambatta za shi, sai da ta maimaita sau uku.